KIWON LAFIYA: Mai ciwon gwiwa, yaushe zai koma iyo?

A ƙasar nan ba wasa kaɗai ke sa mutum shiga ruwa ba. Masunci na shiga tabki neman abincin iyalinsa. Makiyayi na ƙetare gulbi da shanunsa. Manomin da gonarsa ke hayi, in Gulbin Maraɗi ya kawo ruwa da damina, sai ya yi iyo kafin ya kai ga geronsa. Haka abin yake a Madarunfa, da Tabalak, da Gidimuni, da bakin kogin Kwara daga Yamai har Gaya. Shi ya sa filin kiwon lafiya na wannan wata ya ɗauko maganar gwiwa, da yadda wanda ya ji ciwo a gwiwa zai koma ruwa ba tare da ya jawo wa kansa wata wahala ba.

LABARIN WANI MASUNCI

Wani saurayi ne a wani ƙauye kusa da tabkin Madarunfa. Sana'arsa su, kuma in an gama aikin kaka yana taɓa kokowa a dandali. Wata rana da dare, abokin kokowarsa ya faɗo masa a gefen gwiwa ta waje. Ƙafarsa na kafe cikin rairayi, sai gwiwar ta lanƙwashe ciki. Ya ji zafi mai tsanani a gefen gwiwa na ciki. Aka ɗauke shi zuwa gida.

Da ya kwana 10, kumburi ya saɓe, zafi ya ragu. Gida kuwa ba cefane. Ya sayi ƙwayar kashe zafi wajen mai tebur, ya sha, ya ɗauki komarsa da gorarsa, ya shiga tabki. Da ya kai inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa, sai ya buɗe ƙafafu ya yi shuri irin na kwaɗo, kamar yadda ya saba. Nan take gwiwar ta saki. Ƙafar ta ƙi motsi. Gorar da ya rungume ita ta riƙe shi har ƙanensa ya iso da jirgi.

A gidan likita aka duba shi. Aka gaya masa jijiyar gefen gwiwa ce ta yage, ta fara haɗewa, shi kuma ya sake yage ta. Ciwon da zai warke cikin mako 6 ya kai shi wata 3. Lokacin kifi ya wuce yana zaune a zaure.

ABIN DA KE CIKIN GWIWA

Ƙashi 3 ke haɗuwa a gwiwa: ƙashin cinya, ƙashin ƙwauri, da ƙoƙon gwiwa. Abin da ke ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri wasu jijiyoyi ne masu ƙarfi, kamar igiyoyin da ke riƙe da rumbu. Ba jijiyoyin jini ba ne. Manyansu guda 4 ne. Ɗaya na gefen ciki, ɗaya na gefen waje. Sauran 2 suna can tsakiyar gwiwa, sun gitta juna. Su ke hana ƙwauri zamewa gaba ko baya.

Jijiya na jin ciwo in ƙafa ta kafe wuri ɗaya, jiki kuma ya juya. Haka kan faru wajen kokowa, ko ƙwallo, ko faɗowa daga raƙumi ko amalanke, ko in ƙafa ta nutse cikin laka mutum na ɗauke da kaya.

Ciwon hawa 3 ne. Akwai wanda jijiya ta miƙe kawai, ba ta yage ba. In ta gefen ciki ce, wannan kan warke cikin mako 1 zuwa 3. Akwai wanda ta yage rabi. Wannan kan ɗauki mako 4 zuwa 6. Akwai wanda ta tsinke ɗungum. Wannan kan kai wata 2 zuwa 3.

Jijiyar gefen ciki tana samun jini sosai, don haka galibi tana haɗewa da kanta. Ta tsakiya, wadda ke gaba, ba haka take ba. In ta tsinke, da wuya ta koma yadda take. Alamarta sananniya ce: mutum kan ji ƙara kamar igiya ta tsinke, gwiwa ta kumbura cikin ƴan awoyi, daga baya kuma ta riƙa sakin mutum yana cikin tafiya. Wasu suna rayuwa lafiya da ita in sun ƙarfafa naman cinya. Wasu kuma, musamman ƴan kokowa da ƴan ƙwallo, sai an yi musu aiki. Wanda aka yi wa wannan aiki ba ya komawa wasa mai ƙarfi sai bayan wata 9 ko fiye.

KWANAKIN FARKO

A kwana 2 ko 3 na farko, ga abin da ya kamata a yi:

1. A huta. A yi tafiya da sanda, kada a ɗora wa ƙafar nauyin da ke sa zafi.
2. A sanyaya wurin. In akwai ƙanƙara, a naɗe ta cikin ƙyalle a ɗora minti 15 zuwa 20, sau da yawa a yini. In babu, a jiƙa ƙyalle da ruwan randa.
3. A ɗaure gwiwar da bandeji ko ƙyalle mai tsabta. Kada a matse har ƙafa ta yi sanyi.
4. In an kwanta, a ɗora ƙafar kan matashi ko buhu, ta fi ƙirji tsawo.

A waɗannan kwanaki kada a gasa wurin da ruwan zafi, kada a murza shi da ƙarfi. Kada a yi tsaga ko ƙaho. Tsaga na buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, kuma gwiwar da ta yi ruwa tana iya lalacewa har abada.

Mutane da yawa wajen maɗori suke fara zuwa. Maɗori mutum ne da ake girmamawa, amma ciwon jijiya ba karaya ba ne. In aka ɗaure gwiwa da karare mako da makonni ba motsi, sai ta sandare, naman cinya kuma ya zube. Gyaran wannan ya fi ciwon farko wuya.

Akwai alamun da ba a jira da su. In mutum ba ya iya taka ƙafar ko taku 4. In gwiwa ta maƙale, ba ta miƙewa ba ta lanƙwashewa. In siffarta ta canza. In ta yi ja, ta yi zafi, ga masassara. In tafin ƙafa ya yi sanyi ko ya mutu. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu, a kai shi gidan likita a ranar. Hoton ƙashi, wanda ake kira radiyo, ƙashi kaɗai yake nunawa, ba ya nuna jijiya. Likita da hannunsa yake gwada jijiyoyin, in kuma da bukata ya tura mutum babban asibiti a Maraɗi, ko Damagaram, ko Yamai.

AIKI A KAN TABARMA

Kafin a koma ruwa, sai an fara aiki a gida. Naman cinya shi ne mai taimakon jijiya, kuma yana saurin ramewa in ba a aiki da shi.

Na farko, mutum ya zauna kan tabarma ya miƙe ƙafa. Ya ɗaure naman cinya, ya danna bayan gwiwa ƙasa, ya ƙirga 5, ya saki. Ya yi haka sau 10, safe da rana da yamma.

Na biyu, yana kwance rigingine, ya jawo diddige a hankali wajen ɗuwawu, ya mai da shi. Ya tsaya inda zafi ya fara.

Na uku, ya ɗaga ƙafar a miƙe kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ya ƙirga 5, ya sauke.

In waɗannan sun yi sauƙi, sai ya dafa bango ko itace ya koyi tsayuwa da ƙafa ɗaya. Tsugunno da durƙuso su ne ke dawowa daga ƙarshe. Kafin nan, a zauna kan kujera ko turmi.

RUWA ABOKI NE, AMMA DA SHARAƊI

Kowa ya san guga ba ta da nauyi muddin tana cikin ruwan rijiya. Sai ta fito ake jin nauyinta. Jikin mutum ma haka ne. In ruwa ya kai ƙugu, ƙafafu na ɗaukar kamar rabin nauyin mutum. In ya kai wuya, kamar kashi 1 cikin 10 kawai. Mai kilo 60, a ruwan ƙugu gwiwoyinsa na ɗaukar wajen kilo 30, a ruwan wuya wajen kilo 6. Wannan ya sa likitoci ke amfani da ruwa wajen mai da ƙarfin gwiwa.

Amma ba a shiga sai an cika sharuɗɗa 4: kumburi ya saɓe, ƙafa na miƙewa sosai, mutum na tafiya ba ɗingishi, kuma yana iya tsayawa da ƙafar kaɗai har a ƙirga 30. Wanda aka yi wa aiki, ko mai rauni a fata, ba ya shiga sai miki ya rufe sarai kuma likita ya yarda. Ruwan tabki ba shi da tsabta.

In an cika sharuɗɗan, sai a bi hawa-hawa.

Hawa na farko tafiya ce cikin ruwan ƙugu, minti 10, a wurin da ƙasa ke da rairayi mai tauri. A yi gaba, a yi baya, ba juyi da sauri.

Hawa na biyu iyo ne da hannu kaɗai. A kwanta kan gora irin ta masunta, a bar ƙafafu su biyo baya ba shuri. A tsaya kusa da gaɓa.

Hawa na uku shi ne kaɗa ƙafafu sama da ƙasa, a miƙe, motsin na fitowa daga ƙugu. A fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa kwana bayan kwana.

Hawa na ƙarshe shi ne shurin kwaɗo. Shi ne mafi haɗari ga gwiwa. Wajen wannan shuri gwiwa na lanƙwashewa, ƙafa na juyawa waje, sannan a tura ruwa da ƙarfi. Duk jan yana sauka kan jijiyar gefen ciki. Mai ƙaramin ciwo ya jira har sai sauran hawa sun daina sa masa zafi. Wanda aka yi wa aikin jijiyar tsakiya ya jira wata 4 zuwa 6, kuma sai da izinin likita.

Gwiwa da kanta ke faɗin ko an yi daidai. In an kwana an tashi ba kumburi ba sabon zafi, a ci gaba. In ta kumbura, an yi gaggawa. A huta kwana 2, a koma hawan baya.

ABUBUWAN DA ZA A KIYAYE

Sau da yawa ba cikin ruwa ake sake jin ciwo ba, a bakinsa ne. Laka na riƙe ƙafa, gaɓa na da santsi. A zaɓi mashigi mai kyau, a riƙe sanda wajen shiga da fita. Kada a yi tsalle a faɗa ruwa.

Kada mai jinyar gwiwa ya shiga ruwa shi kaɗai. Ya tafi da wanda ya iya iyo, da gora ko igiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutane wajen dubu 300 ruwa ya ci a duniya.

Ruwa mai gudu ba na mai jinya ba ne. Ƙetare gulbi da damina, ko kora shanu cikin kogi, shi ne abu na ƙarshe da zai koma yi. Makiyayi ya bar wa ɗansa ko ɗan'uwansa wannan aiki na wannan shekara. Manomi ya bi ta gada ko ya shiga jirgi, ko da hanya ta yi nisa.

Kada a sha ƙwaya don a samu damar shiga ruwa. Zafi ɗan aike ne, yana faɗa wa mutum ya tsaya. Ƙwayar Tramol da ake saye a tebur tana ɓoye zafi, tana sa jiri da barci, wani lokaci har farfaɗiya. Wanda wannan ya same shi a tsakiyar tabki ba shi da mai ceto. Maganin zafi a karɓe shi a gidan likita.

A kuma tuna da tsargiya. Tana cikin ruwan tabki da gulbi inda katantanwa ke zaune, tana shiga ta fata. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je a ba shi magani, ana warkewa. Wanda ba dole ne ya shiga ruwa ba, aikin tabarma da tafiya a ƙasa sun ishe shi.

Shi kuwa saurayin nan na Madarunfa, karo na biyu ya bi abin da aka gaya masa. Ya zauna yana gyaran taru da saƙar koma, ƙanensa na shiga ruwa, suna raba abin da aka samu. Da lokaci ya yi ya fara da ruwan ƙugu, yara na yi masa dariya. Bai kula ba. Da damina ta kewayo, ya koma tsakiyar tabki da gorarsa, da ƙafafunsa biyu. Iya ruwa fid da kai.

Wanda ya karanta wannan fili ya karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna, musamman masunta da makiyaya da ƴan kokowa. A wata mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin zai yi magana kan ciwon baya lokacin noma.