Ɗaliban Da Wasa Ya Sama Wa Aiki

A cikin shekarar 2005 waɗansu ɗalibai na makarantar DigiPen da ke garin Redmond, a Jihar Washington ta Amurka, suka haɗa kai suka ƙera wani ɗan wasan kwamfuta mai suna Narbacular Drop, wanda shi ne aikinsu na shekarar ƙarshe. Dabarar wasan ita ce mutum ya buɗe ƙofa a jikin wannan bango, ya shiga, ya ɓullo ta wancan. Da shugaban kamfanin Valve, Gabe Newell, ya ga abin da yaran suka yi, sai ya ɗauke su aiki gaba ɗayansu, kuma daga wannan dabara aka fitar da shahararren wasan nan Portal a 2007.

Abin lura a nan shi ne, kamfanin bai tsamo gwani ɗaya ya bar saura ba, ƙungiyar ya kwasa. Haka kuma ya sake yi da wata ƙungiyar ɗalibai ta wannan makaranta, masu wasan Tag, waɗanda aikinsu ya shiga cikin Portal 2 a 2011.

To, me ɗalibi ke koya a irin wannan ƙungiya wanda ba zai samu shi kaɗai a ɗakinsa ba? Da farko dai, mai rubuta manhaja shi ne ke gaya wa na'ura yadda ɗan wasa zai yi tafiya, ya yi tsalle, ya tsaya in ya ci karo da bango. Amma fa mai zane na jiransa, mai tsara wasa na jiransa, mai sauti ma haka. In ya yi jinkirin mako guda, kowa ya zauna.

Na biyu, dole ya karanta rubutun abokinsa, ya kuma rubuta nasa yadda wani zai gane. Mutum uku ko huɗu na iya taɓa fayil ɗaya a rana ɗaya, saboda haka suke amfani da manhajoji irin su Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, mai adana kowane gyara da sunan wanda ya yi shi. Wanda ya ɓata aikin jama'a ba shi da wurin ɓuya.

Na uku, akwai rage buri. Wasan da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa guda ba ya ba na'ura lokaci mai yawa ta gama lissafinta, ga shi kuma ranar miƙa aiki ba ta matsawa. Tilas a yar da waɗansu dabaru masu daɗi don a gama sauran.

Sai dai kada a ɗauka hanyar shimfiɗe take. A 2023 da 2024 kamfanonin wasanni sun sallami dubban ma'aikata, inda Microsoft kaɗai ya sallami mutum 1,900 a watan Janairu na 2024. Wato sabon ɗalibi yana neman aiki ne tare da tsofaffin hannu, kuma takardar shaida ba ta isa ta bambanta shi da su ba, sai abin da ya gama da hannunsa tare da mutane.

Wannan batu ya shafi iyayen da ke zaune a Legas, inda kamfanoni irin su Maliyo Games ke ƙera wasannin wayar hannu. Yaron da ya ce zai koyi wannan sana'a, abin da ya kamata a tambaye shi shi ne, da wa yake aiki, kuma me suka gama? Masu iya magana dai sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.