Na Ga Gidan Abincin Ungulu

Zuwa ga Edita,

A makon nan ina so in ba masu karatu labarin abin da na gani da idona, ba ji na yi ba. Aikin ofis ya kai ni ƙasar Nepal, maƙwabciyar Indiya, har aka kai ni wani ƙauye, ana ce da shi Pithauli, kusa da gandun dajin Chitwan. A can akwai wurin da aka keɓe tun 2006 don ciyad da ungulu. Da na ji haka sai na yi dariya, na ce, "Ashe har ungulu ta sami gidan abinci!"

Ga yadda abin ya ke. Dokar ƙasar ta hana yanka saniya, saboda haka manoma su kan kawo tsofaffin shanunsu, a yi ta kiwonsu har ajali ya zo. In wata ta mutu, sai a feɗe ta a kai fili. Mu kuwa aka sa mu cikin wani ɗaki mai ƙananan tagogi, aka ce kada wanda ya yi motsi.

Can sai ga ɗaya tana jewa, ta sauka bisa itace. Kafin ka ce kwabo sama ta yi baƙi. Suka dira, suna ture juna, suna cusa wuya cikin haƙarƙari. Na fid da alkalami, da ya ke ƙirga sana'ata ce, amma ina kaiwa sittin lissafi ya ɓace mini. Ba a cika sa'a guda ba sai ƙasusuwa.

Na tambayi dalilin wannan wahala. Aka ce akwai wani maganin ciwon jiki da a ke yi wa shanu allurarsa, sunansa diclofenac. In ungulu ta ci mushen dabbar da aka yi wa, sai ƙodarta ta lalace, ta mutu. Tsakanin 1992 da 2007, wani irin ungulu na Indiya, cikin kowace dubu da ƙyar ɗaya ta saura. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan banza suka yawaita, ga su da cutar haukan kare. A 2006 Indiya da Nepal da Pakistan suka hana yi wa dabbobi maganin. Shanun wurin nan kuwa ba a ba su shi sam.

To, jama'a, nan dariyata ta ƙare. Sa'ad da mu ke yara ba ka zuwa mahauta ka rasa ungulu, har jifarta mu ke yi. Yau yaushe rabonku da ganinta? Tun 2015 masana suka sa irin tamu cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa. Guba tana kashe ta, masu neman kanta don tsibbu kuma suna farautarta. Ga ta kuwa duba-gari ce wadda ba ta taɓa neman albashi ba.

Ina roƙon sarakunan pawa da masu unguwanni su tsawata wa masu kama ta, makiyaya kuma su bar sa guba cikin mushe. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wanda duk ya ke da sauran ungulu a garinsu, don Allah ya rubuto ya gaya mana. Haza wasalam.

Ni ne naku,
Akawu.