Zakka ya mayar ninki huɗu, mu fa?

Wata Lahadi a bara, a wata ikilisiya da ba sai na kama suna ba, wani saurayi ya fito godiya ta musamman. Ya ɗaga makullin mota sama, 'yan Zumuntar Mata suka rangaɗa guɗa, tulu ya ɗauki amo, aka raka shi da rawa har gaban bagadi. Yaron bai wuce shekara 24 ba. Ba ya aiki, ba shi da shago, gonar gidansu ma ta daɗe a jingine. Duk unguwa an san a kan kwamfuta yake kwana, yana yaudarar tsofaffin Turawa da hoton wata budurwa da ba a taɓa haihuwarta ba. Dattijon da ke gefena ya sunkuyar da kai yana ta murza hularsa. Ni ma ban ce uffan ba. Na jefa baikona na koma na zauna.

Ana yawan cewa zamani ya rikita mutane, an kasa gane fari da baƙi. Ni ban yarda ba. An sani sarai, suna kawai aka sauya wa abubuwa. Zamba ta koma wayo, cacar ƙwallo a waya ta koma gwada sa'a, wanda ya wawure baitulmali kuwa sai a ce Allah ya buɗa masa. Lokacin tsarin zuba kuɗi na MMM, da sunan taimakon juna aka ja mutane, ana yi musu romon baka da ribar kashi 30 cikin 100 a wata, har zuwa Disamban 2016 da aka rufe asusun kowa. Wasu da na sani a harabar coci aka rubuta sunayensu, bayan an tashi sujada.

To me bangaskiyar Kirista take da shi a nan? A buɗe Luka sura 19. Zakka shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, yana tara wa Romawa, yana cika aljihunsa. Gajere ne, sai da ya hau ɓaure kafin ya hango Yesu. Yesu ya sauka a gidansa, jama'a na ta gunaguni. A nan Zakka ya ɗauki alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda duk ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Wannan lissafi ba daga kansa ya fito ba: a Fitowa sura 22, haka Shari'ar Musa ta ɗora wa ɓarawon tunkiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda kuɗin suka nufa. Ba Haikali ya kai su a sa musu albarka ba. Ƙofar masu su ya bi.

Zamaninmu hanya biyu ya iya da mai laifi: ko a tafa masa, ko kuwa ranar da hukumar EFCC ta kama shi a baza hotonsa a Facebook ana tsine masa, sau da yawa ma masu tafin ne ke kan gaba. Yesu kuwa ya sauka a gidan Zakka, kuma cutar da ya yi ba a canja mata suna ba. Tuba ke nan, mai tsada, wadda ake gani a aljihu.

Tun 1932 da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, bayan doguwar wahalar da Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha, muke karanta wannan labari da harshenmu. Ba mu da uzurin rashin ji.

Don haka, iyayenmu fastoci da dattawan ikilisiya, kafin ku karɓi zakkar yaro, ku kira shi ofis, ku ba shi kujera, ku tambaye shi sana'arsa. In amsar ba ta fito ba, ku riƙe yaron, ku mayar masa da ambulan ɗinsa.