Lambunan Utako: Kada Su Zama Inuwar Giginya

Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar cewa za a ta da hedkwatar ƙasar nan daga Ikko zuwa Abuja, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Babban dalili kuwa shi ne Ikko ta cushe, har mutum ba ya samun inda zai miƙe ƙafa. Saboda haka, da masana suka miƙa taswirar sabon birnin a 1979, sai suka keɓe filaye masu yawa, musamman bakin rafuka da gindin duwatsu, suka ce a bar su domin itatuwa da shan iskar jama'a. Gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, da wannan alkawari a wuyanta.

An cika wani sashe na alkawarin, wannan babu musu. Lambun Millennium da ke Maitama, wanda Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta buɗe cikin Disamba, 2003, yana cika maƙil da iyalai kowace sallah. Haka kuma tafkin Jabi, wanda asalinsa madatsar ruwa ce da aka gina domin shayar da sabon birnin, ya zama wurin da mutanen Utako da Jabi ke zuwa motsa jiki da safe.

Amma fa Utako unguwa ce ta masu nema. Tana da babbar kasuwa, tana da tashoshin motocin da ke zuwa kowace kusurwa ta ƙasar nan, ga 'yan dako, ga direbobi, ga leburori, ga kuma Gwarawa waɗanda birnin ya tarar da su a ƙasar kakanninsu. Waɗannan bayin Allah su ne suka fi kowa bukatar inuwa, musamman a watan Maris da Afrilu, lokacin da rana take kamar za ta fasa kai. Mai kuɗi yana da na'urar sanyaya ɗaki a gida da ofis da mota. Talaka ba shi da komi sai gindin bishiya.

To, me ya faru da ƙananan lambunan cikin unguwanni? Da yawa an ba da su haya ga 'yan kasuwa. Maimakon su shuka itatuwa, sai suka kewaye wurin da shinge, suka zuba siminti, suka jera kujerun roba, aka mai da shi mashaya da wurin gasa kifi. Da dare kiɗa ya hana maƙwabta barci, da rana kuwa wanda ba zai sayi komi ba sai a nuna masa ƙofa. Magidanci mai mutunci ba zai kai iyalinsa irin wannan wuri ba. Lambu yana cikin unguwa, amma masu motoci daga nesa ke morarsa. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

A ƙasar Hausa, tun zamanin kakanni, ba a sayar da inuwar durumi ko ceɗiyar ƙofar fada. Nan dattawa ke sasanta rigima, nan baƙo ke sauke kayansa a kawo masa ruwa, nan yara ke wasa a gaban idon manya. Unguwar da ta rasa irin wannan matattara, mazaunanta za su shekara goma ba su san sunan juna ba.

Ya kamata sashen kula da lambuna na Hukumar Birnin Tarayya ya sake duba kowace takardar haya. Wanda ya saɓa ƙa'ida a karɓe filin, a fasa simintin, a dasa darbejiya da mangwaro da maɗaci, a sa bencina da famfo da makewayi, a bar ƙofa a buɗe ga kowa ba tare da ko kwabo ba. Mazauna unguwa su ma su tashi su tsare abinsu, domin filin da aka yi gini a kansa ba ya komawa lambu har abada.

Allah Ya ba shugabanni ikon riƙe amana, amin.