Daga Dosso zuwa Garwa: ina yaran Arewa za su koyi tsaron raga?

Ranar 21 ga watan Maris na 2025, a birnin Oujda, Mena ta riƙe Maroko ɗaya da ɗaya har cikar minti 90. A cikin ƙarin lokaci Bilal El Khannouss ya zura ta biyu. A daren ba wanda ya ɗauki abin da zafi, domin ai Maroko ce, ƙasar da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Duniya na 2022. Sai a watan Oktoba aka gane tsadar wannan ƙwallo. Nijar ta gama ta biyu a rukuninta da maki 15, bayan ta doke Zambiya da ci ɗaya a Ndola. Da aka jera ƙasashen da suka zo na biyu don fitar da huɗu da za su sake fafatawa, Kamaru da Najeriya da Burkina Faso da Nijar duk maki 15 gare su, bambancin ƙwallaye ne ya raba gardama. Mena ta ci 11, an zura mata 10. Da an tashi kunnen doki a Oujda, maki 16 ke nan, kuma da Nijar na cikin huɗun.

Ba a ɗora wa gola laifin wannan ba, kuma bai kamata a ɗora masa ba. Amma lissafin ya nuna inda arzikin ƙaramar ƙasa yake a ƙwallon ƙafa. Ƙasar da ba ta da 'yan gaban da ke ci uku-uku, rayuwarta tana hannun wanda ke tsakanin turaku biyu. Abin mamaki shi ne wurin da ya fi kowane muhimmanci gare mu shi ne wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Duk wanda ya taɓa kallon gasar dogon hutu a Dogondutsi ko Matankari, ko Gecheme da Tibiri, ya san yadda ake zaɓen gola. Wanda ya fi ƙanƙanta, ko wanda bai iya gudu ba, ko wanda ya zo a makare, shi ake turawa raga. Filin ko dai rairayin Dallol Mauri ne, ko kuma tsakuwar da in ka yi tsalle ka faɗi sau biyu, na uku sai ka yi shawara da gwiwarka. Safar hannu, in an samu, ta gwanjo ce, sau da yawa ta fi hannun girma. Yaron da ke da baiwa yakan tsere daga ragar da zarar ya samu dama, domin mai cin ƙwallo ake yi wa kirari, shi 'yan mata suka san sunansa.

Duk da haka jihar Dosso ce ta ba Nijar golan da ya fi kowa daɗewa a ragar ƙasa. An haifi Kassaly Daouda a Dosso a 1983. Ya yi suna a Sahel SC ta Yamai, daga nan ya tafi Coton Sport ta Garwa a arewacin Kamaru. Da shi ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Afirka a 2008, inda Al Ahly ta Masar ta yi nasara da ci huɗu da biyu a wasanni biyu. Ya ɗan taɓa Turai a Rapid ta Bukares a Romaniya, ya yi Chippa United a Afirka ta Kudu, daga baya ya tsare ragar Katsina United. Ya buga wa Mena wasa fiye da 80.

Masu shekara talatin zuwa sama ba za su manta da Oktoban 2010 ba. Masar ta zo Yamai tana riƙe da Kofin Afirka sau uku a jere, Moussa Maazou ya ci ɗaya, Kassaly da 'yan bayansa suka rufe ƙofa. Nijar ta cinye dukan wasanninta uku na gida a wannan zagaye, ta tafi Kofin Afirka na 2012 karon farko a tarihinta, 'yan Afirka ta Kudu kuwa suna can suna rawar murna a fili bisa kuskuren fahimtar doka.

Sai kuma ɗaya fuskar sana'ar. A Janairun 2013, a Port Elizabeth, Mena ta riƙe Mali har saura 'yan mintuna. Aka kwaso ƙwallo ta sama, ta kuɓuce daga hannun Kassaly, Seydou Keita ya tura ta raga. Kwana huɗu bayan haka, a fili ɗaya, shi ne ya tsaya wa Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango aka tashi ba ci, maki ɗaya tilo da Nijar ta taɓa samu a gasar. Ka tambayi mutane a fada yau, da yawa kuskuren Mali za su fara tuna maka. Ɗan gaba ya ɓarar da biyar ya ci ɗaya, a ɗauke shi a kafaɗa. Gola ya tare biyar ya saki ɗaya, a yi shekara goma ana zancen.

Abin lura a tarihin Kassaly shi ne a waje ya gama nuna. Kamaru ƙasa ce da tsaron raga ya zama mata gado: Thomas N'Kono, Joseph-Antoine Bell, Jacques Songo'o, Carlos Kameni, har zuwa André Onana. N'Kono da kansa ya horar da Kameni a Espanyol. Wato akwai wanda ya iya, ya zauna ya koya wa na baya.

'Yan uwanmu da ke zaune a Kanada sun san wani misali da ya fi wannan fitowa fili, a ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, wadda can ta fi ƙwallon ƙafa farin jini. A tsakiyar shekarun 1980 ƙungiyar Montreal Canadiens ta haɗa wani matashin gola, Patrick Roy, da wani koci mai suna François Allaire, wanda aikinsa kawai masu tsaron raga. Suka gyara salon durƙusawa a kan gwiwa don toshe ƙasan raga, Roy ya ɗauki kofin Stanley a 1986 yana ɗan shekara 20, ya ƙare da guda huɗu. Bayansa lardin Kebek ya yi ta fitar da gololi, yau kuma kowace ƙungiya a babbar gasar NHL tana da kocin gola nata. Ba ƙanƙara ake cewa a kawo Dankasari ba. Darasin shi ne tsaron raga sana'a ce daban da sauran wasan, tana da nata malami da nata lokacin atisaye, kuma mutum ɗaya da ya san aikin yana iya sauya yanki guda.

A nan ne tsarin ƙwallon Nijar ke cutar da yaron Arewa. Manyan ƙungiyoyin gasar ƙasa galibinsu a Yamai suke, kuma na sojoji ne da jandarmomi da 'yan sanda da kwastan da kamfanonin gwamnati: AS FAN, AS GNN, USGN, AS Police, AS Douanes, AS Nigelec. Wannan na da amfaninsa, domin ɗan wasa kan samu abin da zai dogara da shi. Amma daga Dutsi zuwa Yamai kusan kilomita 270 ne, kuma ba wanda zai ga yaro in bai je can ba. Ɗan gaba ko ɗan tsakiya ana iya jarraba shi minti ashirin a wasa. Gola wuri ɗaya ne, mai shi kuma yakan riƙe shi shekaru, ga Kassaly nan shaida. Matashin da ya je Yamai yana iya shafe kaka uku a benci. A gida kuwa ana jiran sa da aikin gona, abokansa sun tafi ci-rani Legas ko Kwatano suna aiko da kuɗi. Wa zai ga laifinsa in ya ajiye safar?

Ga kuma matsalar fili. Tun da hukumar CAF ta daina amincewa da filin Seyni Kountché, Mena ta yi ta karɓar baƙi a Marrakesh da Lome da Wagadugu. Wancan wasa na Oujda ma, a takarda wasan gida ne na Nijar, aka buga shi a ƙasar abokin karawa. Yaron da ya ga Kassaly da idonsa a 2010 ya samu wanda zai kwaikwaya. Na yau gololin Ingila da Sifaniya yake gani a gidan kallo.

Akwai wata hanya da ba a cika kallo ba, ita ce ta kudu. Arewa ta Nijar da Arewa ta jihar Kebbi dangi ɗaya ne, Kangiwa da Argungu sun fi Yamai kusa da wasu ƙauyukan Tibiri. Gasar Najeriya, da duk matsalolinta, tana sayar da gololi. Stanley Nwabali daga Katsina United ya tafi Chippa United a 2022, ƙungiyoyi biyun da Kassaly ya tsare wa raga, kuma a farkon 2024 ya tare fanareti biyu na Afirka ta Kudu, ya kai Najeriya wasan ƙarshe na Kofin Afirka. Kafin gasar, 'yan Najeriya da yawa ba su san sunansa ba.

Mutumin da ya jagoranci Mena a wasannin 2024 da 2025, Badou Zaki, shi kansa gola ne. Shi ya tsare ragar Maroko a Meziko a 1986, ya hana Ingila da Poland ci, aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na shekarar. Samun irinsa a ƙasa dama ce da ta wuce sakamakon wasa takwas. A ganina, abin da ya kamata a tambayi hukumar FENIFOOT shi ne tsofaffin gololi nawa aka ba horon koyarwa, kuma nawa daga cikinsu aka tura jihohi. Koci ɗaya a Dosso, mai zagaya Dutsi da Tibiri da Gaya lokacin hutu da buhun ƙwallaye da safar hannu daidai hannun yara, kuɗinsa bai kai na tafiya ɗaya ta Mena zuwa Marrakesh ba. 'Yan Arewa mazauna waje da ke aiko wa ƙungiyoyin unguwa riguna duk shekara su ma suna iya sa safar gola a cikin kayan.

Arewa ba ta rasa jiki ko zuciya ba. Jihar da ta fitar da Issaka Issaka, wanda ya ɗauki takobin kokawar ƙasa sau da dama, ta san yadda ake renon ɗan wasa: yaro na tasowa a gaban tsofaffin 'yan kokawa, ana nuna masa kamu tun yana ƙarami, gari na bin sa da kiɗa. Ɗan kokawa a Dumega yana da wanda zai gyara masa tsayuwa. Yaron da aka tura raga a garin, har yanzu da kansa yake koyon yadda ake faɗuwa.