Gwajin Fitsari Ba Hukunci Ba Ne

Kamar yadda masu karatu suka sani, gwajin shan ƙwaya ya zama ruwan dare a Jihar Kano. Kafin zaɓen ƙananan hukumomi na 2021 da na 2024, hukumar zaɓe ta jiha ta tura 'yan takara wurin hukumar NDLEA domin a gwada su, har da na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Ba mu da ja a kan wannan. Wanda ya ga yaran da ake kaiwa makarantar gyaran hali ta Kiru ya san ɓarnar tiramol da kodin, kuma binciken da aka fitar na 2018 ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi.

Amma akwai mutumin da ba a tunawa da shi idan ana wannan magana, wato mai ciwon tsananin damuwa, wanda likita ya ɗora a kan magani.

Ga yadda abin yake. Gwajin farko da ake yi da ɗan kofi ko tsinke, na gaggawa ne. Ana tsoma shi cikin fitsari, bayan 'yan mintoci layi biyu su fito idan babu kome, layi ɗaya idan an ga alama. Tsinken bai san sunan magani ba, kama yake bi. Saboda haka maganin damuwa satralin, wanda ake sayarwa da sunan Zoloft, yakan fito wani lokaci kamar mutum ya sha Valium. Bufurofiyon, wato Wellbutrin, yakan fito kamar amfetamin. Shi kuwa amitiriftilin, tsohon magani mai araha da asibitocinmu suka fi bayarwa, waɗansu kofuna suna da gurbi na musamman mai alamar TCA domin gano irinsa. A nan tsinken bai yi kuskure ba, maganin yana jiki da gaske. Sai dai maganin asibiti ne, kuma har masu ciwon jijiya da masu ciwon kai na ɓari guda ana rubuta musu shi.

Masana sun daɗe da sanin wannan rauni. Shi ya sa ƙa'ida ita ce, duk fitsarin da ya nuna alama a kai shi babban ɗakin gwaje-gwaje, inda na'urar da ake kira GC-MS za ta rarrabe sinadaran ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi ainihin abin da ke ciki. Wannan gwaji na biyu ya fi tsada, yana kuma ɗaukar kwanaki, to a nan ne ake jarabtuwa a tsallake shi.

A gari kamar Ƙofa, inda kowa ya san kowa, kalmar "ɗan ƙwaya" ba ta wankuwa. Aiki yana iya kuɓucewa, iyayen yarinya su maido da kayan aure. Abin da ya fi ba mu tsoro kuwa shi ne marar lafiya ya ji labarin gwaji, ya jefar da maganinsa a ɓoye. 'Yan'uwa, kada a yi haka. Daina irin waɗannan magunguna farat ɗaya yana kawo jiri da rashin barci da tashin zuciya, ciwon kuma yana iya dawowa fiye da dā, har mutum ya fara tunanin kashe kansa. Mu ma muna da laifi, domin sau da yawa mai zuwa asibitin Dawanau yakan ɓoye katinsa don gudun bakinmu.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta hana nuna wa irin waɗannan marasa lafiya bambanci. Muna kira ga duk hukumar da ke gwaji ta riƙa tambayar mutum magungunan da yake sha kafin a karɓi fitsari, ta riƙe sakamakon a asirce, kada kuma ta yanke wa kowa hukunci sai an yi gwaji na biyu. Wanda za a gwada, shi kuma ya tafi da katin asibiti da kwalin maganinsa, ya sa a rubuta sunan maganin a takardar gwajin kafin ya sa hannu.