Makarantun aikin rediyo da Hausar ƙasar Arewa

Ƙanena ya yi shekara biyu a wata ƙaramar makaranta mai zaman kanta a Yamai, inda ake koyar da aikin jarida da na rediyo. Sai da aka sayar da bijimi kafin a cika kuɗin karatun. Ya dawo da takardar shaida, ya iya haɗa sauti a kwamfuta, ya san dokokin aikin. Ranar da ya kama aiki a wani gidan rediyo na ƙasar Arewa, aka miƙa masa sanarwar rigakafin dabbobi da Faransanci, aka ce ya karanta ta da Hausa nan take. Ya karanta. Kalmomin na Hausa ne, amma ginin jimlar na Faransanci: muƙamai uku kafin aikatau, rana da wuri kuma can a wutsiya. Gwaggonmu a Matankari ta ce ta ji muryarsa sarai, ba ta dai gane ranar da za a kai awaki ba.

Ban ga laifinsa ba. An horar da shi da harshe ɗaya, yana cin abinci da wani. A ganina, duk makarantar da ke karɓar kuɗin iyaye da sunan koyar da watsa labarai, ko ta gwamnati ce ko ta ɗan kasuwa, wajibi ne ta koyar da rubutun labari da Hausa a matsayin darasi mai jarrabawa. A da ana iya fakewa da cewa Faransanci ne harshen hukuma. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Studio Kalangou kuwa tun 2016 yake shirya labarai da Hausa da Zabarmanci da wasu harsunan gida, gidajen rediyo na karkara suna ɗauka. Aikin yana nan. Horon ne ya yi baya.

Akwai masu cewa Bahaushe ba ya bukatar a koya masa Hausa. Mu ɗaliban ilimin harshe mun san ba haka ba ne. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar “fara” a takarda tana iya zama ƙwaron da ke cinye gero, ko launi, ko soma abu. “Fari” ma haka, ko launi ko rashin ruwan sama. Mai karanta labarin damina da bai koyi bin takardarsa yana sa alama kafin a buɗe masa makirufo ba, zai yi tuntuɓe a gaban manoma.

Abin da ya fi damuna shi ne wace Hausa za a koyar. Daidaitacciyar Hausa ta ginu ne a kan karin Kano, kuma tana da amfaninta a rubuce. Amma daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri da Gesheme mutane “munka” da “sunka” suke cewa, “tahi” da “hwara”, ba “tafi” da “fara” ba. Na sha jin matasan ma'aikata suna murɗe harshensu don su yi kama da masu labarai na BBC, kamar Arewanci abin kunya ne. Makaranta ta gari za ta koya wa ɗalibi duka biyu: daidaitacciya don labaran ƙasa, karin gida don hira da manomi da mai haƙon rijiya a Dallol Mawri, tare da sanin inda kowanne ya dace.

Ƙananan makarantun nan ba su da kuɗin ɗaukar farfesa, na yarda. Amma sashenmu yana yaye ɗalibai kowace shekara waɗanda suka karanci tsarin sauti da kare-karen harshe da fassara, da yawansu kuma suna zaune ba aiki. Awa huɗu a mako sun isa a fara. Ƙanena, da ba a yi masa wannan gatan ba, yanzu yakan fassara sanarwa da daddare, ya karanta wa gwaggo ta waya kafin ya shiga ɗakin watsa shiri.